Zazzaɓi Ya Sauka, Yayansa Ya Ce A Sallamo Shi

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Tudun Wada, Zariya, 'ya'yanmu uku. Maigidana mahauci ne, a kwata yake aiki, kuma muna da saniya da 'yan awaki a gida. Tun lokacin sanyi zazzaɓi ke kama shi, ya zo ya tafi. Da dare gumi ya jiƙa zanin gado, gaɓoɓi da baya suna ciwo, ga rama. An yi maganin maleriya, an yi na taifod har ban san iyaka ba, wasu ma ni na sayo a kemis. Da numfashi ya fara yi masa wuya sai muka je babban asibiti. Hoton zuciya ya nuna wani tsiro a jikin bawul, wato ƙofar da jini ke bi a cikin zuciya. An ɗebi jini an shuka, ba abin da ya fito, sai wani gwaji daban ya nuna cutar da ake ɗauka daga dabbobi, wai burusela. Sun ce allurai na makonni, ƙwayoyi na watanni, wataƙila har a yi aiki. Yanzu yana mako na biyu, zazzaɓi ya sauka, yana ci yana hira. Yayansa, wanda shi ke biyan yawancin kuɗin, ya ce tunda jini bai nuna komai ba kuma jiki ya yi sauƙi, cin kuɗi ne kawai. Zai sa hannu a sallamo shi a koma na gargajiya, ga Babbar Sallah ta matso, lokacin samunsu ne. Hajiyarsu tana ganin sammu ne. Shi ba ya iya musu da yayansa, ni kuma in na yi magana a ce na cika zaƙewa. Me zan yi? Magungunan da na sayo ne suka ja masa? Ni da yara za mu iya ɗauka?

Uwar 'ya'ya uku, Tudun Wada.

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba maigida lafiya, ya sa kaffara ne.

Kada a fitar da shi. Duk abin da zan faɗa a ƙasa bayani ne a kan wannan, da kuma yadda za ki sa a ji maganar ba tare da kin ɓata da dangin mijinki ba.

Zuciya tana da bawul huɗu. Aikinsu su buɗe jini ya wuce, su rufe kada ya komo baya. Fatarsu siririya ce, kuma jijiyoyin jini ba su ratsa ta sosai ba. Idan ƙwayar cuta ta shiga jini ta tarar da bawul mai tabo, sai ta maƙale a wurin, jini ya daskare a kanta, ta yi gida a ciki tana hayayyafa. Wannan dunƙulen shi ne tsiron da aka gani a hoto. Ƙwayoyin jinin da ke yaƙi da cuta ba sa iya shiga cikinsa, magani ma da ƙyar yake ratsawa. Cutar da ke yawo a cikin jini ita magani ke fara kashewa, shi ya sa a mako ɗaya ko biyu zazzaɓi yake sauka, mutum ya ji yunwa, ya fara tambayar kasuwa. Wadda ke lulluɓe cikin tsiron tana nan da ranta. A tsaya a wannan matakin, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

In aka bar ta, abu biyu ake tsoro. Tana cin bawul ɗin har ya huje ko ya daina rufuwa, jini ya riƙa komawa baya, ruwa ya taru a huhu. Wahalar numfashin da kika ambata tana nuna wataƙila an fara taɓa wannan hanyar. Na biyun shi ne ɓallewa: guntun tsiron ya ɓantare ya bi jini. In ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, shanyewar ɓarin jiki ke nan, a mutumin da jiya yake zaune yana hira. Yana iya faɗawa ƙoda, ko saifa, ko ƙafa. Tun 1885 likita William Osler ya yi cikakken bayanin wannan ciwo a Landan, amma har aka samo penisilin a shekarun 1940 kusan duk wanda ya kama sai ya tafi da shi. Yau ma, a ƙasashen da ke da komai, kusan mutum ɗaya cikin biyar da aka kwantar saboda shi ba ya fitowa da rai. Ki riƙe wannan adadin, zai yi miki amfani wajen Yaya. Sauran huɗun kuma, abin da ya fitar da su shi ne magani da aka kai ƙarshensa, wasu har da aiki.

Yanzu maganar Yaya ta cewa jini bai nuna komai ba. Wannan ita ce hujjarsa mafi ƙarfi, kuma ba wauta ba ce. Duk wanda ke biyan kuɗi yana da haƙƙin ya tambaya. Gwajin da ake nufi, wanda ma'aikata ke kira kalcha, ana zuba jini ne a kwalba a jira ƙwayar cuta ta tsiro. A ƙa'ida ana ɗiba sau uku daga wurare daban-daban a jiki kafin a ba mutum ko ƙwaya ɗaya ta kashe cuta. Wanda ya yi watanni yana shan maganin taifod, jininsa yana iya zuwa kwalba ba abin da zai tsiro, alhali cutar tana kwance a zuciya. Ban da haka, burusela tana da nawar girma, kuma tana ɓuya a cikin ƙwayoyin jikin mutum. Shi ya sa ake komawa gwaji na biyu, wanda ke neman alamar yaƙin da jiki ya yi da ita. Likitoci ba sa dogara da gwaji guda a wannan ciwon. Akwai ma'auni da aka tsara a Jami'ar Duke ta Amurka a 1994, aka gyara a 2000 da 2023, inda ake haɗa hoton zuciya, gwaje-gwajen jini, zazzaɓi da sauran alamu kafin a yanke hukunci. Kwalba ba ta nuna ba, amma hoto ya nuna, gwaji na biyu ya nuna, sana'arsa ma ta nuna.

Wannan ya kawo mu ga zargin da kike yi wa kanki. Magungunan kemis ba su ne suka sa masa cutar ba. Daga dabba ta fito. Abin da suka yi shi ne danne zazzaɓin suka jinkirta ganowa, kuma mai yiwuwa su suka ɓata kalchar. Ke kaɗai ba ki isa ki ɗauki wannan laifin ba, don a garin nan zazzaɓi suna biyu gare shi, in ba maleriya ba taifod, kuma gwajin taifod ɗin da ake yi a ƙananan wurare yakan ce akwai ko da babu. Abin da zai amfane shi yanzu shi ne ki tattara kwalaye da takardun duk abin da ya sha, ki kai wa likitansa, ki faɗi lokacin da ya sha kowanne gwargwadon abin da kika tuna. Ba wanda zai kama ki, kuma zai taimaka musu wajen karanta sakamakon.

Yawancin masu wannan ciwon na bawul, ƙwayoyin cutar fata ne ko na baki suke kama su. Kaɗan ne ake samun irin na mijinki. Akwai burusela, akwai wata da ake shaƙa daga ruwan haihuwar awaki da tumaki wadda maganinta ke kaiwa wata 18, akwai wata daga yakushin kyanwa ko ƙwarƙwata. Duk ba sa son fitowa a kwalba. Likitan da ya tambayi sana'arsa har ya tuna da burusela ya yi aikinsa, a gode masa.

Ita burusela ba baƙuwa ba ce. Makiyaya sun san ta a shanu, suna ce mata bakkale: saniya ta yi ta ɓari, gwiwa ta kumbura. Likitan sojan Birtaniya David Bruce ne ya fara gano ƙwayar a tsibirin Malta a 1887, lokacin da zazzaɓi mai zuwa da komawa ke kwantar da sojoji. A 1905 wani likita ɗan tsibirin, Themistocles Zammit, ya gano a madarar awaki take. Da aka hana sojojin shan ɗanyar madarar sai ciwon ya yi ƙasa warwas. Mahauci yana ɗauka ta ciwon hannu in ya taɓa jini, ko mahaifa, ko ɗan tayin da aka tarar a cikin saniya, ko in ruwan ya fantsama masa a ido. Mutanen gida kuma ta madarar da ba a tafasa ba. A cikin masu burusela, waɗanda take kai wa zuciya ba su wuce biyu cikin 100 ba, amma yawancin waɗanda take kashewa daga cikinsu suke.

Game da magani, abin da aka faɗa muku daidai ne, ba ƙari. Ko burusela ta gama-gari, wadda ba ta taɓa zuciya ba, magani biyu ake haɗawa na mako 6, don in aka yi da ɗaya ko aka gajarta tana dawowa. Ta zuciya kuwa yawanci uku ake haɗawa, na wata 3 zuwa 6, wani lokaci fiye. Galibi akwai doksisaikilin da rifamfisin, sannan a ƙara Septrin ko allura irin su jentamaisin a makonnin farko. Zaɓin na likitocinsa ne, amma ke ce mai jinya, ga abin da ya kamata idonki ya kasance a kai. Rifamfisin yana mai da fitsari, gumi da hawaye ja-ja. Ba jini ba ne, kada Hajiya ta gani ta ce ga shaidar sammu. Yana kuma taɓa hanta, don haka in idonsa ya yi rawaya a faɗa nan take. Doksisaikilin a sha da ruwa kofi cike, a zaune, kada ya kwanta nan da nan, kuma kada a haɗa shi lokaci ɗaya da madara, nono ko maganin gyambon ciki, suna hana shi shiga jiki. Jentamaisin yana iya taɓa ƙoda da kunne. In ya ce kunnensa na ƙara, ko jiri na ɗibarsa, ko fitsari ya ragu, kada ki jira zagayen safe. Gwajin jinin da ake ta maimaitawa, wanda Yaya ke gani kamar hanyar karɓar kuɗi, yawancinsa tsaron ƙodar nan ne da hanta.

A nan ne nake jin tsoron na gargajiya. Jiƙo da tsimi da ba a san abin da ke ciki ba, a kan ƙodar da allura ta riga ta ɗora wa nauyi, suna iya kashe ta. Kuma ba su da hanyar isa cikin tsiron.

Alamun da ba a kwana da su, a asibiti ko bayan an koma gida: baki ya karkace, magana ta sarƙe, hannu ko ƙafa ta mutu, ciwon kai mai tsanani farat ɗaya, kasa kwanciya sai a jingine, kumburin ƙafafu, ƙafa ɗaya ta yi sanyi da zafin ciwo, ko zazzaɓin ya dawo.

Maganar aiki, ku tambaya tun yanzu, kada ku jira ranar da za a ce gobe. Kusan rabin masu ciwon bawul irin wannan sai an yi musu, kuma a burusela buƙatar ta fi yawa. Ana yi ne in bawul ya lalace har zuciya ta fara gazawa, ko cuta ta ƙi jin magani ta tara ruwa a gindin bawul, ko tsiron ya yi girma, misali ya wuce milimita 10 kuma ya fara ɓallewa. In an sa bawul na ƙarfe, yana daɗewa, amma mutum zai sha maganin tsinka jini har ƙarshen rayuwa tare da gwaji a kai a kai, abin dubawa ga mai aiki da wuƙa kullum. Na fatar dabba ba ya buƙatar haka na dindindin, sai dai yana tsufa, a matashi yakan nemi canji bayan shekaru. Ana yin aikin buɗe zuciya a Najeriya tun 1974 da aka fara a Inugu, amma wuraren ba su da yawa kuma da tsada, shi ya sa sanin matsayinsa da wuri yake ba ku damar shiri.

To, yaya za ki yi da Yaya? Kada ki tunkare shi da kanki, musamman a gaban mutane ko a bakin gadon mara lafiya. Mutumin da ya fitar da kuɗinsa, ya ga ƙanensa ya tashi zaune, kuma ga Sallah na ƙaratowa, ba mugu ba ne, aljihu ne ya yi zafi. In matar ƙanensa ta gyara masa magana, abin zai tashi daga ciwo ya koma girma, kuma a nan ba za ki ci ba. Ki sami babban likitan da ke duba shi, ko ma'aikaciyar jinya mai kula da ɗakin, ki faɗa musu a asirce cewa ana shirin sa hannu. Ki roƙa a kira Yaya a zaunar da shi, a nuna masa hoton zuciyar da idonsa, a yi masa bayani da Hausa. Sun saba da irin wannan zaman. Ki nemi mutum ɗaya da Yaya ke jin kunyarsa ya halarta: kawunsu, limamin unguwa, ko wani babba a cikin mahauta. A zaman a yi tambayoyi a fili. Allurar saura kwana nawa? Yaushe za a koma ƙwayoyi zalla? Akwai abin da za a iya ƙarasawa a asibitin kusa da gida? Nawa ake tsammanin kashewa a mako? Sau da yawa abin da ke sa dangi su sa hannu shi ne ba su ga ƙarshen hanyar ba. In aka ce wa mutum saura mako kaza, kuɗi kaza, yakan daure.

Shi ma maigidan ki yi masa magana, ku biyu, lokacin da ba kowa. Baligi ne mai hankalinsa, kuma a ƙa'idar asibiti ba a fitar da shi sai da yardarsa. Ba sai ya yi musu da yayansa ba. Ya isa ya ce, "Yaya, ina jin tsoro, a bar ni in ƙarasa." Da wuya ɗan'uwa ya ji haka ya ƙi.

Sannan a rage wa Yaya kaya, don hujjar da ba ta zo da kuɗi ba rabinta ake ji. Manyan asibitoci suna da ofishin jin daɗin marasa lafiya, ki tambaya a nuna miki. Ki bincika ko yana da rajista da KADCHMA, hukumar inshorar lafiya ta Jihar Kaduna, da abin da take ɗauka. Mahauta suna da ƙungiya da Sarkin Fawa, kuma ciwon da aka samo a bakin aiki ciwonsu ne duka. A kai musu maganar. Danginki ma su sa hannu ko da kaɗan ne, yana ƙara wa maganarki nauyi a gidan. Rumfarsa kuwa a ba wani amintacce ya riƙe lokacin Sallah a raba riba. Ko an sallame shi gobe, mai irin wannan zuciyar ba zai iya kayar da sa ba, balle fiɗa daga safe zuwa dare.

Hajiya kuma a bi ta da lallami. Ba sai kin ce mata babu sammu ba, wannan gardamar ba ta da ranar ƙarewa. Ki ce a kawo malam ya yi masa addu'a da ruƙiyya a nan bakin gado, a yi sadaka, ita ma ta riƙa zuwa tana tofa masa. Addu'a ba ta karo da allura. Abin sha ne kawai za a roƙe ta a dakata da shi, kuma ya fi kyau ta ji hakan daga bakin likita ko ɗanta.

Ke da yara: burusela ba ta cika bi daga mutum zuwa mutum ba, abu ne mai wuyar gaske. Ki ci gaba da jinyarsa, ku ci a kwano ɗaya. Haɗarin yana wajen abin da kuka sha tare. In kuna tatsar saniyar nan ko awakin kuna sha ba tafasawa, ku daina daga yau, kuma ki faɗa wa likita a gwada ku, musamman duk wanda ke zazzaɓi, gumin dare ko ciwon gaɓoɓi. In kina da ciki ko kina shayarwa ki ambata, don ba kowane maganin ne ya dace da ke ba, haka ma ƙananan yara. Tafasawa tana kashe cutar, amma tsami kaɗai ba ya ba da tabbas, saboda haka nonon da za a dama fura da shi a tambayi mai tallan ko an dafa madarar kafin a kwantar. Nama in ya dahu sosai ba matsala. Dabbobin gidan a kira likitan dabbobi ya ɗebi jininsu. Zariya ba ta rasa su ba, ga tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. In wata ta taɓa ɓari, a faɗa masa, kuma kada yara su sake taɓa mahaifa ko abin da aka zubar da hannu.

Ki kuma tambayi likitan ko bawul ɗin yana da tsohon tabo. A ƙasarmu yawancin tabon daga ciwon maƙogwaro ne na yarinta da ba a yi wa magani daidai ba, ya dawo ya taɓa gaɓoɓi da zuciya. In haka ne, ciwon maƙogwaro da zazzaɓi a 'ya'yanki asibiti za a kai, ba wajen wanzami a cire beli ba.

Bayan an sallame shi, ranar da likita ya ce, ƙwayoyin za su ci gaba watanni, kuma a nan ne aikinki zai fi yawa, don mutum in ya ji ƙarfi yakan manta. Ki ajiye takarda kina yin alama kullum, kada magani ya yanke ko na kwana ɗaya, kada a tsallake ranar komawa asibiti. Wanda ya taɓa yin wannan ciwon yana cikin waɗanda ya fi saurin sake kamawa, saboda haka ya kula da haƙoransa, in za a cire haƙori ya faɗa wa likitan tarihinsa a ba shi magani tukuna, kuma duk zazzaɓin da ya wuce kwana biyu a ɗebi jini kafin ya haɗiyi komai daga kemis. Komawa kwata sai likitan zuciya ya amince, kuma da safar hannu, takalmin roba, da rufe duk wani ciwo a fata. Abokan aikinsa da ke fama da zazzaɓin da ya ƙi jin maganin taifod, ya gaya musu su ambaci sana'arsu in sun je asibiti.